Binciken da Aka Yi a Ƙofar Gidanmu, Wa Ya Karanta Shi?

 Ina gaida mutanen cikin garin Madarunfa da na bakin tafki, da na Ɗan Isa, Gabi, Safo, Sarkin Yamma da Jiratawa, har da ƴan uwanmu na tsallaken iyaka wajen Jibiya in muryar nan tana isa gare su. Sharhinmu na yau da ma'aikatan lafiya yake. Amma ke uwa mai goyo, kada ki kashe rediyo, don a kan ɗan da ke bayanki za a yi maganar.

In ka je Indiya ko Amurka ka sami masanin rigakafin yara, ka tambaye shi ko ya taɓa jin sunan Madarunfa, kada ka yi mamaki in ya ce ya sani. Bai taɓa ganin tafkinmu ba, bai san labarin kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a gefensa ba. A takarda ya san mu. A watan Maris na 2017, mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine, wadda ake bugawa a birnin Boston, ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyukan gundumar lafiya ta Madarunfa. Cibiyar bincike ta Epicentre, reshen ƙungiyar likitoci ta MSF mai mazauni a Maraɗi, ita ta gudanar da shi tare da hukumomin lafiya na ƙasa, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Sheila Isanaka. Abin da aka gwada shi ne wani rigakafin zawon jarirai na ƙwayar cutar rota, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa, ana ɗiga shi a baki a mako na 6 da na 10 da na 14. Fifikonsa a kan na baya shi ne jure zafi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar akwatin rigakafi a bayan babur cikin watan Afirilu ya san darajar wannan.

An yi lissafi da jarirai 3,508. Cikin waɗanda suka sha rigakafin na gaske, 31 ne suka yi zawon rota mai tsanani. Cikin waɗanda suka sha abin da ya yi kama da shi amma babu sinadarin, 87. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancin wannan rigakafi, yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Ƴaƴanmu ne suka buɗe baki aka ɗiga, iyayensu mata ne suka yi ta kai da kawowa.

To tambayata ita ce: a cikin majo-majo, wato manyan ma'aikatan jinya, da ungozomomi da ɗaliban aikin jinya da ke saurarena yanzu, mutum nawa ne suka taɓa buɗe wannan takarda suka karanta da idonsu? Ba zargi nake yi ba. Mutumin da ya wuni da layin mata tun hantsi har la'asar a cikin damina, ga zazzaɓin cizon sauro ga tamowa, ba ka tambayarsa me ya karanta jiya da dare. Amma ko ya sami sarari, ina zai nemo ta? Da wace kalma? In ya same ta, da Turancin Ingilishi take, shi kuwa da Faransanci ya yi karatu. In ya fassara, yaya zai gane ko abin da ke ciki abin dogaro ne? Waɗannan tambayoyi su ne sana'ar wasu bayin Allah da ba mu cika tunawa da su ba in ana lissafin ma'aikatan lafiya, wato masu kula da ɗakunan karatu na likitanci.

Mu a nan, in an ce ɗakin karatu, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ɗaki mai ƙura, da kantoci cike da tsofaffin littattafan da wata ƙungiya ta turo daga Faransa, da wani dattijo mai riƙe da makulli. Littafin likitanci kuwa ba kamar littafin nahawu ba ne, tsufa yake yi. Abin da aka koyar shekara ashirin baya game da maganin zazzaɓi, yau in ka bi shi sai ka yi ɓarna. Shi ya sa tun 1971 wata mata mai suna Gertrude Lamb, a jami'ar Missouri da ke Kansas City, ta fito da ma'aikatan ɗakin karatu daga bayan kanta, ta sa su bin likitoci zagayen marasa lafiya. Likita ya yi tambayar da ba shi da amsarta a bakin gado, ma'aikacin ɗakin karatu ya je ya tono abin da aka rubuta a kai ya kawo. Daga baya, a farkon shekarun 1990, wasu likitoci a jami'ar McMaster ta Kanada, irin su David Sackett da Gordon Guyatt, suka raɗa wa wannan salo suna: aikin likita bisa hujja. Ma'anarsa, kafin ka ba mara lafiya magani, ka haɗa abu uku: mafi ingancin binciken da ake da shi, da ƙwarewarka ta aiki, da halin shi mara lafiyar da abin da yake so.

Wani zai ce wannan ai sabon abu ne na Turawa. Ni ban ga baƙonsa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji yadda malaman hadisi ke yi da magana. Ba sa karɓarta don ta yi daɗi a kunne. Sai sun tambaya: wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Shi wanda ya ji ɗin, an san shi da gaskiya? Yana da riƙo ko mai mantuwa ne? Akwai wata hanyar da maganar ta zo ta ƙarfafa wannan? Sannan su ce wannan ingantacce ne, wannan mai rauni ne, wannan ƙage ne. Al'ummar da ta gaji wannan tarbiyya bai kamata a ce saƙon murya na WhatsApp ya ishe ta hujja a kan magani ba. Abin da ɗakin karatun likitanci ke koyarwa, in ka cire masa rigar Turanci, bin isnadi ne, sai dai a nan maruwaitan su ne masu bincike, littattafan kuwa mujallu.

Masu ɗakunan karatun nan har ta intanet suna koyar da wannan aiki, to yaya suke yi? Bari mu ɗauki misali daga gida, don wani gwajin ma a nan aka yi shi.

Mu ce ga wata majo a wata cibiyar lafiya, wato CSI. An kawo mata yaro ɗan wata goma sha takwas, an auna damtsensa ya faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani, amma yana cin abinci, ba zazzaɓi, ba tari. Ƙa'ida ta ce a ba shi abincin gyaɗar nan na leda, Plumpy'Nut, a haɗa masa da amoksisilin na kwana bakwai. Ita kuma tana tambayar kanta: yaron da ba ya nuna alamar wata cuta, wannan maganin yana ƙara masa wani abu kuwa? Darasin farko da za ta tarar a irin wannan kwas na intanet shi ne gyara tambaya. Malamin zai ce mata, kada ki rubuta "tamowa" kawai a wurin nema, dubban takardu za su zubo miki ki rasa ta kamawa. Ki raba tambayarki gida huɗu: wane irin mara lafiya, wane magani, a gwada shi da me, kuma wane sakamako kike son gani, warkewa ko raguwar mutuwa ko raguwar kwanciya asibiti. Wannan kaɗai yakan ci mako guda, ana ba ta labarin mara lafiya tana fitar da tambaya, ana gyara mata.

Sai darasin tono. A nan ake nuna mata PubMed, rumbun da Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya buɗe wa duniya kyauta tun 1997, wanda yau ke ɗauke da bayanin takardu sama da miliyan 35. Ana koya mata cewa rumbun yana da nasa tsayayyun kalmomi da ake kira MeSH, ta yadda ko marubuta sun kira cuta ɗaya da sunaye biyar, kalma ɗaya za ta tattaro su. Ana koya mata haɗa kalma da kalma don taƙaita nema, da ware gwaje-gwaje daga ra'ayoyin mutane. Malami yakan nuna fuskar kwamfutarsa a bidiyo, ɗaliba ta tsayar, ta gwada a wayarta, ta koma baya. Wannan shi ne alherin karatu ta intanet da aji ba ya bayarwa: malamin bidiyo ba ya gajiya da maimaici, kuma ba ka jin kunyarsa.

In ta yi neman daidai, takardu biyu za su fito mata a gaba, kuma a nan ne karatun ke daɗi. Ta farko daga Malawi, an buga ta a 2013, yara 2,767. Ta nuna cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ƙara warkewa ya kuma rage mutuwa: sama da kashi 7 cikin ɗari suka rasu cikin waɗanda ba a ba magani ba, ƙasa da kashi 5 cikin waɗanda aka ba. Ta biyu daga nan Madarunfa, an yi aikin a cibiyoyin lafiya huɗu tsakanin Oktoban 2012 da Nuwamban 2013, aka buga a 2016, yara kusan 2,400. Ita kuwa ta ce waɗanda suka sha amoksisilin sun warke kashi 65.9 cikin ɗari, waɗanda ba su sha ba kashi 62.7, bambancin da bai kai a rantse a kansa ba. Sai dai maganin ya rage yawan waɗanda aka tura kwanciya asibiti, daga kashi 30.7 zuwa 26.4.

To ga maruwaita biyu, dukansu amintattu, a mujalla ɗaya, sun saɓa. Wanda bai koyi awon hujja ba, ɗaya daga cikin biyu zai yi: ko ya ɗauki wadda ta dace da son ransa, ko ya ce masu binciken nan duk ruɗu ne. Wadda ta koya kuwa za ta zauna ta bi su dalla-dalla. An raba yaran ta hanyar ƙuri'a, ko likita ne ya zaɓi wanda ya ga dama? An ɓoye wa uwa da ma'aikaci wanda ke shan na gaske, don kada zato ya shiga lissafi? Yara nawa suka ɓace kafin a gama? Duka biyun sun cika waɗannan sharuɗɗa. Sai ta duba su wane ne yaran. Nan za ta ga cewa a Malawi galibinsu masu tamowar kumburi ne, kuma cutar sida ta yi yawa a cikinsu, alhali tamowarmu ta nan galibi ta rama ce. Za ta kuma lura cewa yaran gwaji ana bibiyarsu sosai, da an ga alama sai a garzaya da su asibiti, abin da ba kullum ake samu ba a ƙauyen da ke nesa da kwalta. Ashe ba ƙarya wani ya yi ba, kowa ya faɗi abin da ya gani a inda ya tsaya.

In ja kunne a nan, don kada a ce an ji a rediyo. Ban ce wani ma'aikaci ya daina ba da amoksisilin ba. Ƙa'idar ma'aikatar lafiya ita ce abin bi, kuma masu tsara ta suna duba bincike da yawa a haɗe, ba guda ɗaya ba. Amfanin karatun shi ne majo ta san dalilin abin da take yi, ta san inda hujja ke da ƙarfi da inda take rawa, in an kira taro a Maraɗi ko Yamai don sake duba ƙa'ida ta buɗe baki ta yi magana a matsayin wadda ta ga yaran kuma ta karanta takardar.

Haka ma lissafin rigakafin rota. An ce ingancinsa kashi 66.7 cikin ɗari. Da yawa za su ɗauka cewa zawo gaba ɗaya zai ragu da kashi biyu bisa uku. A'a. Zawon rota mai tsanani kaɗai ake nufi, zawo kuwa yana da iyaye da yawa. Ma'aikacin da ya fahimci haka ba zai yi wa uwa alkawarin da zai sa gobe ta dawo ta ce rigakafinku ƙarya ne ba.

Mun ga abin da rashin wannan awo ya yi a lokacin korona. A watan Maris na 2020 Farfesa Didier Raoult na birnin Marsai ya fitar da takarda a kan dangin maganin kulorokin, da marasa lafiya da ba su kai 40 ba, ba ƙuri'a, ba ɓoyewa. Da yake da Faransanci yake magana kuma ya iya magana, bidiyonsa ya zagaye wayoyinmu, har masu farar riga suna turawa. Da Ingila ta yi babban gwaji mai suna RECOVERY da dubban mutane, sai aka ga maganin ba ya rage mutuwa, aka kuma gano cewa wani tsohon magani mai araha, dekizametazon, shi ke ceton masu tsananin ciwo. A ƙarshen 2024 mujallar da ta buga takardar Raoult ta janye ta. Ɗalibin da ya yi makonni kaɗan yana koyon tambayoyin da na lissafa ɗazu, da ya ga raunin takardar tun ranar farko.

Akwai kuma mujallun ƴan damfara, masu buga kowace irin shara in ka biya. Wani ma'aikacin ɗakin karatu ne a Amurka, Jeffrey Beall, ya fara tona musu asiri wajen 2010. Yanzu ga manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum, waɗanda wani lokaci sukan ƙago sunan takarda da marubucinta alhali babu ita a duniya. Duk wannan ya ƙara wa mai bin isnadi daraja.

Saura maganar kuɗi, don mujallun nan tsada gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanonin ɗab'i, a shekarar 2002 aka buɗe shirin Hinari, wanda yanzu ke ƙarƙashin inuwar Research4Life. Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da Nijar, suna shiga dubban mujallu da littattafai kyauta. Jami'a, makarantar koyon aikin lafiya, asibiti, ofishin gwamnati, duk suna da damar yin rajista. Shirin yana da nasa kwas na intanet kyauta, akwai shi da Faransanci. Ƙungiyar Cochrane, wadda tun 1993 aikinta shi ne tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya ta auna su tare, tana fassara taƙaitattun sakamakonta zuwa Faransanci. Asibitin jami'ar Ruwan a Faransa yana da rumbun CISMeF tun 1995, inda za ka nemo kalmar likitanci da Faransanci ka sami takwararta ta Ingilishi. A Afirka ma akwai ƙungiyar masu ɗakunan karatun lafiya, AHILA, tun 1984, kuma makwabtanmu sun yi nisa: Dokta Grace Ajuwon ta ɗakin karatun likitanci na Jami'ar Ibadan ta shafe shekaru tana koya wa likitoci da ɗalibai amfani da Hinari. Rijiya dai ta bayar. Guga ne abin dubawa.

Gugan namu kuwa yana da huji fiye da ɗaya. Rezo yana zuwa yana tafiya, wuta haka, kuɗin intanet daga aljihun ma'aikaci yake fita. Kwas ɗin da aka tsara shi don mai kwamfuta da wuta dare da rana, bidiyo na awa guda, ba namu ba ne. Namu shi ne gajeren darasi da ake saukewa a waya lokacin da aka shigo gari, a kalla a ƙauye cikin dare. Amma hujin da ya fi damuna ba na na'ura ba ne. Mun saba da horo irin na kwana uku a otal, a ci abinci, a sa hannu, a karɓi kuɗin zama, a koma. Karatun intanet ba shi da kuɗin zama. Kuma an san cewa a ko'ina cikin duniya, masu fara irin waɗannan kwasa-kwasai sun fi masu gamawa yawa nesa ba kusa ba. Wanda ke karatu shi kaɗai, ba mai tambayarsa ina ka kwana, mako na uku zai ajiye. Ga kuma masu danna "gaba, gaba" har ƙarshe don kawai su sami takardar shaida su liƙa a fayil.

Shi ya sa nake ganin intanet kaɗai ba za ta yi ba, sai da mutum a tsaye. Ma'aikacin ɗakin karatu guda ɗaya ƙwararre, zaune a Maraɗi, zai iya riƙe ma'aikatan gunduma guda ta waya: ya tura darasin mako, ya karɓi tambaya, ya duba yadda kowa ya yi nemansa ya gyara masa. Sau ɗaya a wata, in an taru kawo rahoto a gunduma, a ware awa guda a karanta takarda ɗaya tare, a yi gardama a kanta da Hausa, don abin da ka iya bayyanawa da harshen uwarka shi ne ka gane. Kuma a fara da takardun da aka rubuta a kan ƴaƴanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: majon da ya yi shekara goma a Gabi zai ga abin da masanin Boston bai gani ba a cikin waɗannan alƙaluma.

Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi da sashenta na kimiyyar lafiya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Madarunfa. Muna da masu bincike ƴan ƙasa da suka yi aiki a waɗannan gwaje-gwaje, sunayensu na cikin takardun. Kirana ga shugabannin jami'ar da hukumar lafiya ta jiha shi ne su ɗauki ɗakin karatu a matsayin sashen koyarwa, su ba ma'aikacinsa horo da aji da maki, su buɗe ƙofarsa ga ma'aikatan karkara, ba ɗalibai kaɗai ba. Ga ƙungiyoyin da ke zuwa bincike a ƙasarmu kuma, duk takardar da za ta fita da sunan Madarunfa, a yi mata taƙaitawa da Faransanci da Hausa, a kai kowane CSI, a karanta a gidajen rediyo irin wannan.

Kai kuma ɗan uwa ma'aikacin lafiya, ko ke ƴar uwa, ga aikin da zan bar muku kafin mako mai zuwa. In rezo ya samu yau da dare, ku buɗe PubMed, ku rubuta sunan Madarunfa yadda ake rubuta shi da Faransanci, ku ga abin da zai fito. Gobe kuma ku tambayi shugaban asibitinku ko makarantarku: muna da rajistar Hinari? In akwai, a ba ku mabuɗin. In babu, a cike takardar, ba a biyan ko dala.